Gwangwanin Man Kaɗanya

Ranar da Baturiya ta je Gazawa karɓo maganin ƙanwarta, motar haya ta yi musu tsiya a hanyar dawowa. Direba ya shige ƙarƙashinta yana cewa yanzu-yanzu, kowa kuma ya san yanzu-yanzun direba. Baturiya ba macen jira ba ce. Ta ƙulle ƙwayoyin a bakin zane, ta dubi rana, ta ga saura tsawon taɓarya biyu ta faɗi. Ta ce ƙafa ma mota ce, ta yanki hanyar gona.

Wata uku ke nan da ciwon Balkisu ya tashi. Wani mako ta kwana tana magana da bango, wani mako ko uffan ba za ta ce ba, sai kallon tafin hannunta. Mijinta Harouna yana can arewa wajen haƙar zinariya, sai an yi sa'a ake samun salularsa. Don haka aka kwaso ta daga gidan aurenta da ke wata 'yar tunga bayan gari, ita da 'ya'yanta biyu, Yelwa mai shekara bakwai da Shatu mai uku, aka maido su gidan mahaifinta. Aka ɗaure ƙofar wancan gida da igiya. Hidima duk ta faɗo kan yayarta Baturiya, bazawara mai saƙar tabarmar kaba, wadda ko mai gari yakan kauce wa bakinta.

Abin da aka gaya wa mutanen gari shi ne iska ce ta taɓa Balkisu. Mahaifinsu, Malam Abdulrahaman, shi ya yanke haka, don a ganinsa iska tsautsayi ce, tana iya faɗa wa kowa, amma taɓin hankali in ya shiga sunan gida har jikoki yake hana wa aure. Gaskiyar kuwa mutum biyu suka san ta a raye, shi da Baturiya. Ciwon nan ba sabo ba ne. Tun Balkisu tana budurwa ya fara taɓa ta, shekara goma sha biyu da suka wuce, aka kai ta Maraɗi a ɓoye, ta sha magani ta warware. Mahaifiyarsu kafin ta cika sai da ta sa Baturiya ta yi alkawarin ba za ta taɓa buɗe baki ba, ko ga Harouna. Baturiya mai faɗa da kowa ta riƙe wannan alkawari kamar ƙwai.

A likitar Gazawa ranar nan, majo, babban ma'aikacin wurin, ya miƙa mata maganin sannan ya ce, “Yaran fa? An gaya masu abin da ke damun uwarsu?”

“Yara mi suka sani?” in ji ta.

“Sun san fiye da yadda kike zato. In ba ku gaya masu ba, su da kansu za su gaya ma kansu wani abu.”

Ta taɓe baki ta fito. Amma maganar ta biyo ta har cikin gona, don kwanakin nan Yelwa ba ta yi mata daidai ba. Yarinyar da da sai an ce ta rufa wa mutane baki, yanzu tuwo ma sai an yi da gaske take kai loma biyu. Kullum la'asar sakaliya sai ta ce za ta yankan ciyawar akuya, ta dawo da ɗan abin da ko zomo ba zai ƙoshi ba. Ga shi kuma gwangwanin man kaɗanyar Baturiya ya yi ɓatan dabo, har ta gama zagin 'ya'yan maƙwabta a kansa.

Damina ta yi kyau a shekarar. Gero ya fi mutum tsawo, hanyar ta zama siririn lungu tsakanin kara da kara. Ƙasa tana ƙanshin ruwan shekaranjiya. Kurciyoyi suna ta kuka a kan gawo, can nesa kuma tana jin makiyayi yana kiran shanunsa. Tana tafe tana lissafin tuwon dare har ta iso mararrabar da hanya ke rabuwa, ɗaya ta yi gida, ɗaya ta yi tungar su Harouna.

A nan ta ga sawu.

Sawun ƙaramin takalmi ne, na hagu da alamar ƙusa a dunduniya. Ita da hannunta ta buga ƙusar nan a takalmin Yelwa. Ta sunkuya. Sawun ba na yau kaɗai ba ne, na kwanaki ne, wani kan wani, masu shiga da masu fitowa. Na yau sabo ne, kuma shiga kawai ya yi.

Rana ta riga ta taɓa kan gero. Baturiya ta ce, “Yau na ga ta kaina,” ta bi sawun.

Gidan Harouna shi ne na ƙarshe a tungar, tsakaninsa da maƙwabci akwai gonar wake guda. Tana cikin gonar nan kurciyoyi suka yi shiru. Ba a hankali ba, gaba ɗaya. Muryar makiyayin ma ta ɗauke. Ba ta jin komai sai takalminta a rairayi, da numfashinta.

Igiyar ƙofa a kwance take.

Tsakar gida ciyawa ta kai gwiwa. Turmi a kife, gara ta fara cin gindinsa. Murhu a sanyaye, har gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin duwatsun. Amma gidan cike yake da ƙanshin dafaffen zogale, mai zafi, irin na tukunyar da aka sauke yanzu.

Sai ta ji kukan jariri.

Siririn kuka ne, na jaririn da ya gaji da kuka. Daga bayan madafa yake fitowa, ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rami.

Ta zagaya. Yelwa tana durƙushe a gindin danga, gwangwanin man kaɗanya a gefenta. Gabanta akwai wani fili a ƙasa, faɗin faifai, ko tsinken ciyawa bai fito a kansa ba. A jiƙe yake, yana tururi. Yarinyar tana lakato mai da yatsa tana shafa wa ƙasar a hankali, yadda ake shafa wa gyambo.

“Yelwa,” in ji Baturiya, murya a ƙasa. “Mi kike yi nan?”

Yarinyar ba ta firgita ba. Ta ɗago ido, fuskarta duk ta faɗa.

“Iya, yi a hankali. Shina jin zafi.”

“Wa?”

“Ɗan nasu. Ni na ƙona shi.” Ta ƙara lakato mai. “Ranar nan Inna ta sauke zogale, na ce bari in taimake ta. Na juye ruwan nan wurin. Magariba ce, kuma na mance ban yi bisimilla ba. Inna ta yi ihu, ta ce na ƙona masu ɗa. Daren nan ta fara magana da bango.”

Wace mace ce ba ta taɓa yi wa yaro wannan gargaɗi ba, cewa kada ya zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, kada ya ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye? Baturiya kanta ta faɗa ya fi sau ɗari. Kuma sau nawa ta zauna a kan tabarma tana gaya wa 'yan dubiya iska ce, iska ce, yarinyar nan tana raɓe a jikin ƙofa tana saurare? Yelwa ta haɗa biyu da biyu ta ɗora wa kanta. Wata uku tana ɗauke da wannan kaya ita kaɗai, babu wanda ya tambaye ta. Tausayi da kunya suka taru suka rufe Baturiya.

“Tashi mu tai gida,” ta ce.

“Ba yanzu ba. Ta ce yau za ta sakar mani Inna.”

“Wa ta ce?”

Yelwa ta nuna da haɓa.

Ƙofar ɗakin Balkisu a buɗe take. Baturiya ta rantse da ta shigo a rufe ta gan ta. A bakin ƙofar wata mace tana zaune, ta miƙe ƙafafu, ta lulluɓe kai da zanen atamfa mai hoton ganye. Zanen Balkisu ne. Da safen nan Baturiya ta wanke shi ta shanya a gida.

A cinyar matar akwai ƙunshi, yana motsi.

“Yelwa.”

Muryar Balkisu ce. Har da ɗan dishin da take yi in ta tashi daga barci.

“Taho, ɗiyata. Taho ki ga abin da kika yi.”

Kukan jaririn ya bar ƙasa. Yanzu daga cinyar yake fitowa.

“Man bai isa ba,” in ji muryar, a tausashe. “Taho ki riƙe mani shi. Ki zauna ki yi mashi reno har ya warke. Ke ki zauna, ita ta koma maku da hankalinta. Ba ki son Shatu ta samu uwa?”

Yelwa ta miƙe. Ta goge hannu a riga. Ta yi taku ɗaya.

Baturiya ta cafke ta a damtse.

“Iya, sake ni. Ni na yi laihin.”

Hannayen matar suka fito daga cikin zane. Suka miƙo. Suka ci gaba da miƙowa. Daga bakin ƙofa zuwa gindin danga taku goma ne cur, amma yatsun sun riga sun wuce turmi, suna ratsa ciyawa, ciyawar tana kwanciya.

Baturiya ta buɗe baki za ta ja Ayatul Kursiyyu. Ta san ta kamar sunanta. Ta nemi farkonta ta rasa. Harshenta ya yi nauyi, zufa tana bin bayanta. Tsoro ne irin wanda ba ta taɓa sanin akwai shi ba.

Sai ta ji yarinyar tana ƙoƙarin ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, da 'yan hannuwanta masu santsin mai, don ta je ta ba da kanta.

Nan fushi ya zo ya ture tsoron.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Baturiya ta tura Yelwa bayanta, ta ƙara ɗaure zane.

“Ke!” ta ce. “Ke, ko wace ce ke, ƙarya kike!”

Hannayen suka tsaya.

“Yaushe aka zuba ruwan ga? Wata ukku. To ciwon Balkisu shekararshi goma sha biyu! Ni na riƙe ta cikin mota har Maraɗi, ni na kwana gindin gadonta kwana arba'in. Lokacin ko aurenta ba a yi ba. Ina Yelwa take ran nan? Ina ruwan zahinta? Faɗa mani!”

Kukan jaririn ya tsaya cak.

“Baturiya,” in ji muryar. Yanzu ba ta Balkisu ba ce. Muryar mahaifiyarsu ce, wadda aka rufe shekara tara. “Alkawarin da kika yi mani ke nan?”

Wannan ta soke ta har ƙashi. Hawaye suka zubo mata. Amma ba ta sunkuyar da kai ba.

“In ke ce Inna, ki gahurce ni, na karya. Ba ki ce in rufa asiri da jikarki ba. In kuma ba ke ba ce, to ki ji da kyau. Ciwo ne gare ta, ciwon kai, irin na kowa. Akwai sunanshi ga likita, akwai maganinshi, ga shi nan ƙulle ga zanena. Ba ke kika ɗauki hankalinta ba, ba ki da abin da za ki maido. Kin tsinci ɗiya tana kuka ita kaɗai kika ce kin samu baiwa. To tana da mai ita!”

Ta juya kai kaɗan, ba ta ɗauke ido daga hannayen ba.

“Yelwa, kin ji ni? Tun ba a haihe ki ba. Ba ke ba ce.”

“Ba ni ba ce?”

“Ba ke ba ce. Faɗi.”

Sai wata 'yar murya ta fito daga bayanta.

“Ba ni ba ce.”

Zanen ya zame daga kan matar.

Baturiya ba ta taɓa gaya wa kowa abin da ta gani a ƙarƙashinsa ba. Abin da ta yarda ta faɗa shi ne ƙasar nan mai tururi ta tafasa, ta yi ambaliya, ruwa ya malalo ta cikin ciyawa ya hau ƙafarta ta dama. Zafin ya kai mata har ƙwaƙwalwa. Shi ya kwance mata harshe.

“Bisimillahi!”

Ta suri Yelwa ta saɓa a baya. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Ta fita ƙofa. Ta ratsa wake. Takalmi ɗaya ya fice, ba ta tsaya ba.

Duhu ya sauko cikin gero. Ganye yana yankan fuskarta. A bayanta kara yana karyewa, ɗaya bayan ɗaya, ba da sauri ba, amma ba ya nisa.

Kukan ya dawo. Ta dama. Ta hagu. Sannan daidai kunnenta.

“Yelwa, ɗiyata, za ki bar ni?”

Yarinyar ta fara waiwayawa.

“Kar ki duba! Sa fuskarki ga wuyana. Innarki tana gida. Mi na ce ki faɗi?”

“Ba ni ba ce.”

“Ƙara!”

“Ba ni ba ce!”

Wani abu mai zafi ya shafi dunduniyarta.

Ta yi tsalle. Geron ya ƙare.

Sai ga su a tsakiyar garken shanu a mararraba, ƙura da warin kashin shanu da ɗumin jikinsu ko'ina. Wani tsohon Bafillace ya ɗaga sanda yana salati, don ya ga mace ta faɗo daga gona da yarinya a baya, ƙafa tana hayaƙi. Shanun duk sun juya sun fuskanci geron, sun sunkuyar da ƙaho. Babu abin da ya fito. Can daga gari ladan ya ɗaga murya.

Da suka isa gida, Balkisu tana zaune a kan tabarma inda aka bar ta, Shatu tana barci a jikinta. Zanen atamfa mai hoton ganye yana kan igiya, a bushe.

Malam Abdulrahaman ya dawo daga masallaci ya tarar Baturiya ta tsoma ƙafa a kwano, ta zaunar da Yelwa a gabanta, tana yi mata bayani dalla-dalla. Cewa kai ma yana ciwo kamar ciki. Cewa in Inna ta yi shiru ko ta yi faɗa, ciwon ne, ba don ta daina son su ba. Cewa magani aikin manya ne, aikin Yelwa zuwa lakol, wato makaranta, da cin tuwo da wasa, kuma duk abin da ya tsorata ta, ta zo ta tambaya, ko tsakar dare ne.

“Baturiya!” in ji tsohon. “Mi nike ji haka?”

“Baba, ka yi haƙuri. Ɓoyon da muka yi saura kaɗan ya ci mana ɗiya yau. Gobe zan nemi Harouna ga salula in gaya mashi da bakina. Wanda zai ƙi auren jikokinka don uwarsu ta yi ciwo, ya riƙe ɗanshi.”

Tsohon ya dubi ƙafarta da ta saɓule, ya dubi jikarsa. Ya shiga ɗaki ya fito da zuma, ya durƙusa da kansa ya shafa mata a ƙunar.

Balkisu ba ta warke a dare ɗaya ba, kada in yi muku ƙarya. Sai da aka sake kai ta Maraɗi, aka canja magani, har yanzu kuma akwai ranakun da take wuni ba magana. Harouna ya yi fushi wata biyu sannan ya dawo, ya gina ɗaki kusa da surukinsa, don wancan gida babu mai komawa cikinsa. Masu noman wake sun ce ko da bazara, lokacin da ƙasa ke tsagewa, filin nan na bayan madafa a jiƙe yake. Ƙafar Baturiya ta warke da tabo, layi huɗu a jere a kan dunduniya, dogaye. Yelwa kuwa bakinta ya dawo har ya yi yawa. Ranar da wata yarinya a lakol ta kira ta ɗiyar mai iska, ta tsaya ta ce mata, “Innata ba ta da lahiya, tana shan magani. Ke taki ba ta taɓa ciwo ba?”

Abu ɗaya ne ban faɗa ba. Washegarin wancan dare, da Baturiya ta ɗingisa ta buɗe ƙofar gida da asuba, ta tarar da gwangwanin man kaɗanyarta a kan dokin ƙofa. An lashe shi tas. Gefensa da ɗumi.

Maƙwabta suka taru. Wani ya ce a binne shi, wata ta ce a jefa shi tsohuwar rijiya. Yelwa ta leƙo ta gan shi, ta ja da baya a tsorace.

Baturiya ta ɗauke shi da hannu. Ta ce Yelwa ta kawo mata toka da ruwan zafi. Ta wanke shi ciki da waje, ta miƙa wa yarinyar kwanon, ta ce, “Zubar.”

Yelwa ta yi bisimilla da ƙarfi, ta juye ruwan a ƙasa.

A cikin gwangwanin nan ake ajiye maganin Balkisu har yau, a kan taga, inda kowa yake gani.